Zanen Da Ya Shiga Tsakanina Da Babana

Edita, a lokacin da wannan abu ya same ni, ni yarinya ce 'yar aji uku a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta kwana da ke yankinmu, a farkon shekarun tamanin, tun muna cikin jihar Kaduna. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, ba zan ambaci na kowa ba, domin wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu kuma na san 'ya'yansu na karanta wannan mujalla. Ni 'yar wani ƙauye ce tsakanin Malumfashi da Bakori, gidan Kirista, tun kakana da ya karɓi addinin a hannun 'yan mishan. Ba ni da surutu, ba na cikin na gaban aji, ba na cikin na baya. Abin da aka san ni da shi kawai shi ne zane. Ni nake zana wa 'yan ɗakinmu taswira da furen masara in malamin kimiyya ya ba da aiki, su kuma su ɗebo mini ruwa.

Mahaifiyata ta rasu ina firamare, ƙannena biyu kuma ƙyanda ta ɗauke su tun kafin ita, sai ya rage daga ni sai Baba a gidan. Baba manomi ne, dawa da masara da 'yar auduga, in an gama kaka kuma ya tafi Funtua ya yi aikin rani a wani gidan gurzar auduga. A can ne inji ya kama masa hannun dama, aka yanke shi ƙasa da gwiwar hannu. Da ya warke sai suka tausaya masa suka ba shi gadi a lokacin gurza. Amma noma bai bari ba. Yakan ɗaure ƙotar fartanya a dungulmin da tsumma da igiya, ya tallafa da hagu, haka yake yini a gona. Wannan ya sa wurin bai taɓa warkewa sosai ba, duk damina sai ya buɗe ya riƙa ruwa. Ni ce mai wanke masa da ruwan ɗumi da gishiri, in shafa magani, in naɗe da tsumma mai tsabta. Akwai kuma wani ciwo da ban taɓa ganewa ba sai da na girma: yakan ce yatsun nan da babu su suna yi masa zugi kamar an sa su a wuta. In ya taso masa, komai dare zai kira ni in danne masa dungulmin da hannuwana biyu har ya lafa. Wani lokaci hawaye na zubo masa. Ya sha roƙona kada in faɗa wa kowa, don in labari ya kai Funtua cewa hannun na ruwa za su karɓe gadin, kuma namiji ba ya son a ce an gan shi yana kuka.

A wannan shekarar na koma makaranta daga hutun damina na bar shi ciwon ya fi na kullum, ga dawa ta fara fitar da kai, ba mai taimakonsa. Gwaggona, ƙanwarsa, tana aure a Bakori, sai ta samu mota ranar kasuwa take leƙo shi. Hankalina ya ƙi zama a aji. Malami na magana, ni ina tunanin wa zai naɗe masa tsumma, ko da haƙori yake ja. Makina ya faɗi, na daina cin abinci sosai, 'yan ɗaki suka kai rahoto cewa ina kuka a kan gado.

A daidai lokacin ne wata malamarmu ta dawo daga wani kwas na 'yan watanni a Zariya, aka naɗa ta mai ba ɗalibai shawara, abin da ba mu taɓa ji ba kafin nan. Aka ba ta wani ɗan ɗaki kusa da laburare, ta sa labule mai furanni, ta ajiye wani akwati cike da katuna da takardu, da wani ƙaton littafin Turanci da ba ta rabuwa da shi. Bahaushiya ce kamarmu, mai tsabta, mai ƙamshin turare, mai taushin murya. Ranar da aka ce tana kirana na shiga, sai ta zaunar da ni a kujera mai laushi, ta haɗa mini shayi da madarar gwangwani, ta ce in saki jikina, ita uwa ce a gare ni. Edita, ka tuna yarinyar da ta yi shekaru ba ta ji wata mace ta faɗa mata haka ba. A ranar nan, ko rijiya ta ce in shiga zan shiga.

Ta ce za mu yi wasu 'yan gwaje-gwaje ne da za su nuna mata abin da ke cikin zuciyata, ko da ban faɗa ba. Na farko ta ba ni farar takarda da fensir ta ce in zana mutanen gidanmu. Na ji daɗi, don an zo inda na iya. Na zana Baba da girma, a tsaye, da rigarsa, hannun hagu a sake, hannun rigar dama kuma a naɗe babu komai a ciki, kamar yadda yake. Na zana kaina ƙarama a gefensa ina riƙe da kwanon da nake zuba ruwan gishiri. Ban zana uwa ba, tunda babu. Ta karɓa ta ƙura masa ido, ta ɗauko rula ta auna tsawon Baba ta auna nawa, ta buɗe littafinta tana bi da yatsa. Ba ta tambaye ni me ya sa hannu ɗaya ba. Ba ta tambaye ni mene ne a kwanon ba. Ni kuma na ɗauka ai duk wanda ya kalli zanen ya gane.

Wata rana kuma ta ba ni takarda mai jimloli da aka fara aka bari, ni in ƙarasa. Duk da Turanci ne. A makarantarmu a lokacin yin Hausa laifi ne, in shugabar ɗalibai ta ji ki sai kin yi noman ciyawa, saboda haka ko a cikin ɗakin nan na shawara ban ga Malama ta yi Hausa ba, ni ma ban yi ƙarfin halin yi ba. Turancina kuwa na 'yar ƙauye ne, ina tunani da Hausa in juya. Inda aka rubuta cewa da dare babana yakan yi kaza, na cike da cewa yakan kira ni ɗakinsa. Inda aka ce abin da nake yi a gida wanda sauran yara ba sa yi, na so in ce ina wanke masa ciwo, ban san kalmar dungulmi da Turanci ba, sai na rubuta cewa ina wanke masa jiki. Inda aka ce asirin da nake ɓoyewa, na rubuta cewa Baba ya ce kada in faɗa wa kowa. Sai kuma katuna masu hotunan Turawa a ɗakuna irin waɗanda ban taɓa shiga ba, ta ce in ƙago labari a kan kowanne. Akwai wanda ke da wani mutum a tsaye ya rufe fuskarsa da hannu. Na ce ciwo yake ji, kuma yana jin kunyar a gan shi. Ta rubuta wani abu da sauri ta ja layi a ƙarƙashi.

Zama na ƙarshe ta jawo kujerarta kusa da ni ta riƙe hannuna, ta ce ba sai na yi dogon bayani ba, in ce e ko a'a kawai. Ta tambaya ko yana kirana da dare, na ce e. Ko ina taɓa jikinsa, na ce e. Ko ya hana ni faɗa, na ce e. Ko abin yana sa ni ƙyama. A nan na fashe da kuka, domin gaskiya ce da ban taɓa faɗa wa kowa ba: akwai ranakun da warin ciwon nan ke tayar mini da zuciya, in fita bayan ɗaki in tofar da yawu, in dawo ina jin kaina muguwar 'ya. Na ɗaga kai na ce e. Ta rungume ni, ita ma tana hawaye, ta ce ba laifina ba ne, kuma daga yau na huta. Na fito ina jin kamar an sauke mini dami. Na yi zaton ta gane batun hannun, har na fara tunanin ko za ta samo masa maganin asibiti. Wallahi har godiya na yi mata a bakin ƙofa, na durƙusa.

Daga nan abubuwa suka fara canjawa ban san dalili ba. Malamai mata suka riƙa bina da kallo, wata ta ba ni sabulu haka kawai. Wani malami namiji da ke yawan tsokanata a kan zane ya daina haɗa ido da ni. Da hutun Kirsimeti ya matso aka kira ni aka ce ba zan tafi gida ba, zan zauna a gidan matron, mai kula da ɗakunan kwananmu, sai an yi shawara. Wadda ta buɗe mini ido wata 'yar ɗakinmu ce da yayarta ke auren ɗaya daga cikin malamai. Muna wanki a bakin famfo ta matso ta yi ƙasa da murya, ta tambaye ni wai da gaske ne babana ya mayar da ni matarsa tunda uwata ta mutu. Da farko ban fahimta ba. Da maganar ta zauna mini, sai na yi amai a nan cikin ruwan kumfa. Har yau in na ji ƙamshin irin sabulun nan zuciyata na tashi.

Na ruga ɗakin Malama da jiƙaƙƙen zani a jikina, na manta da doka, na yi mata Hausa. Na ce hannunsa ne, inji ya cinye, ciwo ne nake wankewa, ba abin da take tsammani ba. Ta saurare ni tana gyaɗa kai a hankali da wannan fuskar tausayin. Da na gama ta ce ta san zan zo in faɗi haka, littafin ya yi bayani cewa yaran da aka yi wa irin wannan sukan janye maganarsu don su kare wanda ya cuce su, kuma zuwan nan nawa ya ƙara tabbatar mata. Edita, ka ga inda aka sa ni? In na ce e, ya tabbata. In na ce a'a, ya ƙara tabbata. Ta miƙo mini shayi. Na kalli kofin na ji kamar ruwan kwata ne.

Maganar da aka ce sirri ce tsakanina da ita ta riga ta zaga ɗakin malamai, ta bi matansu zuwa kasuwa, ta hau mota ta isa ƙauyenmu kafin ni. Dattawan ikilisiya suka zauna, suka ce makaranta ta yi bincike na ilimi, ba za su yi gardama da ilimi ba. Aka sa Baba a horo: aka hana shi cin jibin Ubangiji, wato gurasar da masu bi ke ci tare a coci, aka ce ya koma bencin baya, aka karɓe ƙarfen da yake bugawa ran Lahadi don kiran sujada, aikin da ya yi shekaru yana yi da hannunsa ɗaya. Ba wanda ya iya faɗa masa laifin ƙarara, sai dai a ce masa ya san abin da ya yi. Gwaggo ce ta ce masa ya je makarantar ya ji da kunnensa.

Ya zo a kan kekensa, da hantsi, rigarsa ta jiƙe da gumi. Aka kira ni ofishin shugabar makaranta na same shi a tsugune a ƙasa, ya cire hula, duk da ga kujera. Malama ta shigo da fayil. Na ga lokacin da idonta ya sauka a kan hannun rigar da ke naɗe, na ga ta tsaya cak, na ce a raina shi ke nan, Allah ya kawo ƙarshen abin. Amma sai ta gyara tsayuwa ta ce wa shugaba, da Turanci, batun hannu alama ɗaya ce kawai ya warware, sauran alamun na nan: girman da na ba shi a zanen, rashin uwa, jimlolin da na cike da hannuna, da amsoshin da na ba da da bakina. Ta shimfiɗa takardun a tebur ɗaya bayan ɗaya. Shugaba ta riƙa juya wa Baba da Hausa tana kewaye-kewaye, shi kuma yana cewa to, to, don bai gane inda aka dosa ba. Sai da shugaba ta karanta masa cewa na ce ina wanke masa jiki da dare kuma ya hana ni faɗa, ta ƙara da cewa shi babba ne, ya san me ake nufi.

Na ga fuskarsa lokacin da ya gane. Ba zan iya kwatanta ta ba, kuma ba na so. Sannan ya sa haƙori ya kwance hannun rigar, ya fara warware tsumman. Tun da na baro gida ba wanda ya wanke wurin da kyau. Tsumman ya manne, ya ja shi da ƙarfi, wari ya cika ofishin. Shugaba ta ja gyalenta ta toshe hanci, Malama ta ja da baya har ta bugi kabad.

Ya ɗaga dungulmin ya ce, "Ga jikin da take wankewa, Malama."

Ya juyo wajena, amma bai kalli idona ba, ƙasa ya kalla.

Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki."

Uwata yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Na taso zan karɓi tsumman in naɗe masa kamar kullum, sai ya janye hannun ya ce in bari. Ya naɗe da kansa, da haƙori da hagu, a gabansu, ya sa hularsa ya fita. Ta taga na hango shi yana tura keken, bai hau ba har ya wuce ƙofar makaranta.

Duk da haka ba su sake ni gare shi ba. Suka ce don kariya in yi hutun a gidan Gwaggo a Bakori. Sai a zango na gaba wani malamin jami'a, dattijo, ya zo daga Zariya duba aikin waɗanda suka yi kwas ɗin nan, ashe Malama ni ta rubuta a matsayin babban aikinta. Ya nemi a kawo ni. Ya yi mini sallama da Hausa, ya tambayi garinmu, ya tambayi ko an samu dawa bana, sannan ya ajiye zanen a gabana ya ce in ba shi labarin mutanen da ke ciki. Na ba shi, tun daga injin har gishirin. Ya tambaye ni abubuwa masu nauyi shi ma, bai kauce musu ba, amma a fili, da harshen da nake ji, yana bari in gama magana. Daga baya, ina zaune a waje, na ji yana faɗa wa shugaba cewa waɗannan katuna da zane-zane ƙofa ce ta fara hira da yaro, ba alƙali ba ne, an kuma tsara su ne a kan yaran wata ƙasa da wani harshe, kuma ko su da suka shekara suna koyarwa ba sa yanke hukunci da su kaɗai. Muryarsa ba ta tashi ba, amma na ji ɓacin rai a cikinta.

Shugaba ta aika wa fasto cewa an samu kuskuren fahimta. Ran Lahadi aka sanar da ɗage horon Baba a cikin sanarwa, tsakanin batun gyaran rufin coci da na taron zumuntar mata. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Malama ba ta taɓa kirana ta ce ta yi kuskure ba. In mun haɗu a baranda murmushi take mini irin na wadda ta yi maka alheri ka ƙi godewa. A ƙauye kuwa aka ce ruwa ba ya tsami banza. Matan da ke aiko 'ya'yansu gidanmu aron turmi ko ɗiban wuta suka daina. Wanda ya karɓi ƙarfen sujada ya ci gaba da bugawa, Baba bai nema ba, ba a kuma mayar masa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya faru a cikin gidanmu. Baba bai sake bari na taɓa hannun ba, ko sau ɗaya. In na zo hutu sai ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, ya roƙi wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta riƙa kwana tare da ni. In na kai masa tuwo sai in ajiye a bakin ƙofa. In zugin yatsun ya taso masa ina jin nishinsa daga nesa, amma ba ya kira, in na je kuma ya ce ba komai, in koma. Mutumin da a da muke zama a gindin rumbu yana ba ni labarin yadda jirgin ƙasa ke ɗaukar auduga a Funtua, ya koma gaishe ni kamar baƙuwa. Ciwon ya ci gaba da ci, don wanki da haƙori da hannu ɗaya ba wanki ba ne. Daga baya aka sake yanke hannun sama da gwiwa, gadin ya tafi, noman ma ya gagara. Ya rasu ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai.

Na zaci an gama, ashe da saura. Wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina koyarwa a wata firamare, aka tura mu wani taron ƙara wa juna sani a Funtua kan yadda za a gane yaran da ke cikin damuwa. Da aka gabatar da babbar baƙuwa daga ma'aikatar ilimi sai na ga Malama ce, ta yi ƙiba, ta ƙara kwarjini. Tana cikin jawabi ta buɗe jaka ta ɗago wata takarda da aka lulluɓe da leda. Zanena ne. Ta zagaya da shi layi-layi tana nuna girman uban, da ƙanƙantar yarinyar, da hannun da babu. Ta ba da labarin yadda ta ceto wata yarinya daga hannun mahaifinta da wannan takarda kaɗai, ta tsaya daidai inda aka hana ni zuwa gida. Ba injin gurza a labarinta, ba tsumma, ba dattijon Zariya. Malamar da ke kusa da ni ta yi tsaki ta ce wasu iyaye dabbobi ne. Aka tafa. Ni kuwa na zauna kamar an dasa ni, takardar ta wuce ta gabana, na ga inda na goge kunnen Baba na sake zanawa don ya fito daidai. Ban tashi na yi magana ba. Wannan shirun yana cikin abubuwan da nake nadama har gobe.

Da aka fita shan ruwa na same ta a baranda na faɗa mata ko ni wace ce. Ta yi farin ciki, ta kama hannuna ta riƙe, ta ce to ga shi na zama malama, ai wahalarta ba ta tafi banza ba. Na ce mata Baba ya rasu. Ta sunkuyar da kai ta ce Allah ya gafarta masa, ta kuma maimaita, tana jan kalmar gafarar yadda ba zan kasa gane nufinta ba. Na roƙe ta ta ba ni zanen. Ta ce kayan aiki ne, na ofis. Na zare hannuna na tafi famfon da ke bayan ɗakin taron na yi ta wanke shi. Na wanke ruɓaɓɓen ciwo shekara da shekaru da hannun nan, amma ban taɓa jin ya yi datti kamar ranar ba.

Edita, ban rubuto don in ce a watsar da irin waɗannan gwaje-gwaje ba. A aikina na ga yaron da ake duka ana ce masa daƙiƙi, ƙwararre ya gwada shi ya gano ba ya ji ne da kyau, aka taimake shi. Na kuma san akwai yaran da ake cuta da gaske a cikin gidajensu, kuma wajibi ne a nemo su a cece su. Don haka ne ma abin ke ƙona mini rai, domin wanda ya karɓi wuƙar likita bayan 'yan watanni ya ce ya iya fiɗa, lafiyayye zai yanka, mara lafiyan kuma ya wuce shi. Abin da na koya shi ne takarda ba ta san gidan kowa ba. Yaro ya san gidansu, amma sai an tambaye shi, da harshen da yake mafarki da shi, an kuma yi haƙuri ya kai ƙarshen zancensa.

Ku malamai 'yan'uwana, in an ba ku akwatin katuna da littafi, ku ji tsoron Allah ku ji tsoron kanku, musamman ranar da kuka ji daɗin cewa kun gano wani abu. In yaro ya zana abin da ya ba ku mamaki, ku ce masa ya ba ku labari. In kuna zargi, ku kai wa wanda ya fi ku sani, ba ɗakin malamai ba. In kuma ta bayyana kun yi kuskure, ku je ku faɗa da irin ƙarfin muryar da kuka yi zargin. Ku iyaye, in an ce za a gwada ɗanku, ku tambayi wa zai yi, ina ya koya, da wane harshe, kuma wa zai ga sakamakon, kada kunyar rashin boko ta rufe muku baki. Ku 'yan mata kuma, kada ku ce e ga tambayar da ba ku gane inda ta nufa ba, ko da mai tambayar ta fi kowa kirki.

An wanke Baba a ofis, an wanke shi a coci, amma shi bai taɓa yarda an wanke shi ba. A asibitin Malumfashi, ranar da zai cika, zazzaɓi ya rufe shi har ba ya gane masu shigowa. Na jiƙa ƙyalle na miƙa hannu zan share masa gumin goshi. Sai da ya buɗe ido da ƙyar ya juya kai ya duba ko ƙofar ɗakin a buɗe take, sannan ya bari.